Ƙofar da Christabel Ta Ƙi Rufewa

Duk uwar da ta ɗauki wannan takarda, ina gargaɗinta: idan kin san kin zalunci wani, kada ki ce sai bayan Ista. Tashi ki je yau. Ni na ce sai bayan Ista, ga shi yanzu da takarda nake magana.

Ranar Talata, 14 ga Mayu 2024, Allah ya ɗauki ran Malama Funmilayo Oluwole a gidansu da ke Sabon Gari, bayan jinyar wata uku. Ita ta koya wa ’yata Christabel Turanci a sakandare a nan Samaru.

Malama, a Zariya aka haife ki, Hausarki ta fi ta wasunmu. Shekarar da mijina Raphael ya rasu a hatsarin mashin, Christabel ta daina magana sai da ƙyar. Ke kika lura ba ta cin abinci a makaranta, kika riƙa raba naki biyu, kina ce mata wai ya yi miki yawa. Ranar da ta suma a layin taron safe na makaranta, a bayanki kika goya ta har bakin titi. Duk na sani, kuma bai hana ni abin da na yi ba.

Kin kawo wa aji wata waƙar Turawa, irin mai ihu da ƙarar jita da ake kira rok, kika ce kowa ya rubuta abin da ya fahimta. Na tsinci baitocin a jakar yarinyar. Na yi sakandare, ina jin Turanci. Mawaƙin yana yi wa wani tsawa don ya fita bai rufe ƙofa ba, yana cewa shi ma ba zai rufe ba. Nan take na yanke hukunci: waƙar ’yan iska ce, masu bar wa saurayi ƙofa a buɗe. Na kai ƙararki taron iyaye da malamai, na tayar da Zumuntar Mata ta cocinmu, na kira ki mai lalata tarbiyya a gaban jama’a. Aka ja miki kunne, aka hana darasin.

Bayan kwana biyu kika zo gidana da littafin Christabel, kika durƙusa irin na mutanenku, kika ce, “Maman Christabel, ba kare kaina na zo yi ba. Shafi ɗaya ne, ki daure ki karanta.”

Na ce, “Ai na karanta waƙar, ta ishe ni.”

“Ba waƙar ba, Mama. ’Yarki.”

Ban ba ki kujera ba. Ko ruwa ban ba ki ba, ni da nake yi wa matan unguwa faɗa a kan karɓar baƙo. Kika ajiye littafin a kan benci, kika tafi. Na jefa shi ƙasan akwatin zannuwa.

Shekara biyu yana can. Cikin watan Maris ɗin nan, ina neman zanen zumunta, na ci karo da shi. Ga abin da ’yata ta rubuta: “Ni wannan waƙa ta Babana ce. Ranar da ya fita bai rufe ƙofa ba. Ina jin haushinsa, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Kullum Mama tana min faɗa ina barin ƙofa a buɗe. Ba mantuwa nake yi ba.” A ƙasa kin sa da jan biro: “Na ji ki. Ki gaya wa Mama, za ta ji ki.”

Kin yi min zaton alheri fiye da yadda na cancanta. Shekara guda ina zagin yarinyar a kan ƙofar nan, har mari.

Na ji ba ki da lafiya. Daga Samaru zuwa Sabon Gari hawan keke napep ɗaya ne. Na ce sai bayan Ista, sannan na ce sai an gama jarrabawa. Gaskiyar ita ce kunya ta hana ni, ni kuma na sa mata suna hidima. Na je ranar jana’iza, lokacin da ba ki da bakin cewa kin yafe.

Har yau ban son kiɗan nan, kuma ba duk waƙa ce ta dace da yaro ba. Amma na gane mutum yakan ji abin da ke zuciyarsa ne a cikin waƙa. ’Yata ta ji ubanta. Ni na ji zargi.

Ubangiji ya ji ƙanki, ya ba ki hutawa a wurinsa, ya gafarta mini. Ina miƙa ta’aziyya ga maigidanki Malam Seun, da ’ya’yanki Olamide da Oluwaseun, da ɗalibanki duka. Allah ya ba ku haƙuri. Idan da hali, ku yafe mini a madadinta.

Jiya na tara yarana na kafa doka. Ranar Lahadi ba kiɗa sai an taso daga coci. Sauran ranaku kuwa, ba wanda zai kashe wa wani waƙa a gidan nan, har ni, sai ya zauna ya tambaye shi me ya ji a cikinta, ya kuma saurara har ƙarshe.

Edith Raphael, Samaru