Maigidana a Bayan Tankin Ruwa

Shekarar da maigidana ya ajiye tuƙin motar masu ziyara, wani tsoho ɗan China da maigidan ya kai masallacin Ƙiblatain ya yi masa kyautar littafi. Waƙoƙin mutanensu na dā ne, an juya su zuwa Larabci. Da dabino ya ba shi, da na huta.

Kusan duk littafin zance ɗaya ne: mutum ya gaji da aikin sarki, ya ajiye hula, ya shige dutse, ya kafa bukka a gindin gora yana sauraron rafi. Maigida ya karance shi a kwana biyu, sannan ya ce, "Hajiya, halas, shi ke nan. Na janye daga mutane." Ya naɗe tabarma ya hau rufin gidanmu, hawa na huɗu, a unguwar Harra ta Gabas, nan garin Manzo.

Babu gora, sai ya dasa na'ana'a a gwangwanin fenti. Babu rafi, sai bututun mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta, da ke ɗiga, ya tara masa kwano don ya riƙa jin ƙara. Abinci kuwa bai janye daga gare shi ba. Ni ce mai hawa sau uku a rana da tire, da wannan gwiwa tawa.

Sai ga doka. Wai a cikin waƙoƙin, aboki kan hau dutse neman mai kaɗaici, ya tarar ba ya nan, ya juya, kuma nan ne mutuncin abin yake. Don haka duk wanda ya zo, in ce ya shiga dutse, ba a san ranar dawowarsa ba. Shi kuma ya laɓe a bayan tankin ruwa.

Na ce a garin Manzo ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Mutanenmu kuwa da suka ji dattijo ya koma zama da tattabaru, sai suka yi ta zuwa dubiya, har da masu kawo ruwan addu'a. Kowa ya yi sallama, sai in ce, "Yana bayan tanki." Bai taɓa yin baƙi kamar na wannan watan ba.

Ni na san wanda yake jira. Yayansa ne, wanda suka shekara biyu ba sa magana. A wajen wani biki suka yi musu kan ko kakansu daga Kano ya taso da ƙafa ko daga Damagaram, yayan ya ce masa maƙaryaci a gaban jama'a. Duk motar da ta tsaya a layinmu, sai na ga kan maigida ya leƙo ta saman katanga. Haushi yake ba ni, tausayi kuma ya fi.

Wata Talata bayan azahar, yayan ya zo, yana dogara sanda. Ranar ce kuma maigida ya mayar mini da shinkafa wai ta yi maiƙo ga mai gudun duniya, kaina ya ɗau zafi. Na ce, "Yaya, ya shiga dutse. Ba a san ranar dawowarsa ba." Ina rufe baki na yi nadama.

Tsohon ya dube ni, ya dubi matakala. Ya ce, "To, zan jira shi." Ya zauna a matakin ƙasa.

Na hau na sanar. Maigida ya ce littafi bai ce a jira ba, cewa ya yi a juya. Na sauko na faɗa. Yaya ya ce shi bai karanta littafin ba. Sau biyar na yi wannan jigila, ɗaya na soyuwa a bayan tanki, ɗaya ya tare wa maƙwabta hanya. A na shida na zauna a tsakiya na yi kukana.

Aka kira la'asar. Salla kaɗai ke sauko da maigida, kuma hanya ɗaya ce. Na ji takalminsa a hankali, ya wuce ni bai kalle ni ba, ya tsaya a bayan yayansa.

Yaya ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Bai waiwaya ba ya ɗaga hannu sama, ya ce, "Kama ni, za mu rasa jam'i."

Maigida ya kama shi da hannu biyu.