Jibrilla Magini da Buhunan Ƙasa

Jibrilla ƙanena ne, ni na goya shi, don haka in na ce ba shi da baki, na san abin da nake faɗi. Tun yana ƙarami in anka ƙwace mishi ƙosai sai ya tsaya yana kallon hannunshi, ni ce mai bin ɓarawon da muciya. Allah ya yi muna rabo yadda ya so, ya ba shi hannu, ya ba ni harshe.

Sana'arshi ginin rihewa, rumbun ƙasa da muke aje hatsi a ciki. Wurin babanmu ya gada. Shekara arba'in da 'yan kai yana yi, daga nan Tozai har ƙauyukan bakin iyaka, ban taɓa jin an ce rihewar Jibrilla ta zauna ko ta tsage ba. In ka kira shi aiki ba ya fara kwaɓa ƙasa, sai ya zauna ya dame ka da tambaya. Dami nawa kake samu? Da zangarniya za ka aje ko sussukakke? Wata nawa kake so ya kai? Sa'an nan ya zagaya gidan yana tonon ƙasa nan da can awa kaza, ya ce ga inda za a dasa duwatsu. In gini ya bushe, sai ya ɗauko dami guda na gonarshi ya sa a ƙasan rihewar kafin mai gida ya zuba nashi. Sai damina ta wuce yake karɓar abinshi. In ya fito lahiya, to aiki ya yi. Kafin nan ko godiya ka yi mishi ba ya amsawa, sai ya ce, "Bari dai ruwa ya yi magana."

Shekarar da 'yan bindiga sunka ƙone rumbunan bakin gari, wata ƙungiya ta masu taimako ta zo ta tara mu mata. Ni ce shugabar matan unguwarmu, ba don na fi kowa kirki ba, don dai ba wadda ke iya gardama da ni. Sunka ce me muke so. Munka ce wurin da za mu tara hatsi da kaka, ya kai mu tsakiyar damina lahiya, lokacin da tukunya ke kwana ba a ɗora ta ba. Sunka rubuta, sunka tahi.

Abin da ya dawo a takarda daban. An ce ɗaki na bulo, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, fenti shuɗi. Wanda ya samu kwangilar Marwan ne, wani ɗan garin Isa mai hula a karkace, mai turare awa amarya. Ya ɗauki Jibrilla ya yi mishi daɓe, don an ce lalle a sa mutanen gari cikin aikin.

Tun ranar farko Jibrilla ya tona filin ya ce, "Alhaji, wurin ga tsohon suri ne, kuma kwari ne, ruwa na kwana ƙarƙashi. A ɗaga ƙasan ɗakin, a bar iska ta riƙa wucewa."

Marwan ya buɗe takarda ya kai ta hancin Jibrilla. "Baba, nuna mini inda anka ce a ɗaga."

Ya san sarai ba mu karatun boko. Jibrilla ya koma ya yi daɓe yadda anka ce.

Ranar miƙa aiki anka kafa rumfa. Wani mai tabarau ya riƙa karantawa yana dubawa. Akwai ƙofa? Akwai. Akwai kwano? Akwai. Fenti? Ga shi nan yana ƙyalli. Anka kawo tawada, na dangwala babban yatsana a madadin mata. Wannan yatsan, da hannuna. Har guɗa na yi, Allah ya gafarta mini.

Munka zuba buhu sittin, kowace mace da abin da ta iya, har da zawarawa masu tiya biyar biyar. Da damina ta yi tsaka munka buɗe, wari ne ya fara tarbar mu. Gara ta cinye na ƙasa, na tsakiya ya dunƙule ya yi baƙi. Abin da munka tsira da shi bai kai buhu ashirin ba.

Da magana ta kai Isa, Marwan ya tsaya ran kasuwa a rumfar masu hatsi ya ce shi ya kawo duk abin da takarda ta ce, laifin maginin ƙauye ne da bai iya daɓe ba. Kafin mako ya zagayo an laƙaba wa ƙanena suna, Maginin Gara. Is'haƙa mai nama ne ya fara kiran shi haka, na ji da kunnena. Kakar nan ba wanda ya kira Jibrilla. Kaka ta biyu ma haka. Mutumin da ke ƙin aiki don yawa, ya koma zama ƙofar gida yana tufkar igiya. Ya rame, gemunshi ya yi fari fat. In na ce ya tashi ya kare kanshi sai ya ce, "Yaya, Allah na gani."

Na ce, "Na sani. Ni ma ina gani."

Na jira shekara biyu. Mutanen wajen Gatawa sunka gudo sunka cika muna gari, baki ya ƙaru, ƙungiyar nan ta dawo za ta sake gina wani wurin ajiya. Wannan karon wata yarinya sunka aiko, Malama Zulaiha, mai natsuwa, tana zama tabarma da mu. Ta ce wanda zai yi aikin Marwan ne, daga sama anka ba shi. Mata sunka fara tsaki. Ni kuwa daɗi na ji, don kura ta dawo ramin da na sani.

Na ce mata, "Ɗiyata, kin iya tuwo?"

Ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, gwargwado."

"To baƙo ya zo miki da yunwa. Abin da yake so ya ƙoshi. Abin da za ki aje gabanshi kwano da malmala. Amma da me zai gane tuwon ya nuna? Sai ya gutsura, ya ga ba ɗanyen gari a ciki. Abu uku ke nan, ba ɗaya ba. Mu wancan karon munka ce yunwa muke ji, anka kawo muna kwano mai kyau, anka ce mu shaida kwano ne. Ba wanda ya ce mu gutsura."

Ta juya takardarta ta ce wuri uku ne a ciki dama, na buƙata, na abin da za a kawo, da na yadda za a karɓa. Ta ce sau da yawa abin da ke na biyu ake kwafewa a zuba a na uku, don ya fi sauƙi.

Na ce, "To yau bakina za ki zuba a na ukun."

Ranar da anka taru gaban mai gari don ƙulla magana, Zulaiha ta karanta. Mai gini zai sa buhu ashirin na hatsinshi, na gidanshi, a kan daɓen, mata su kulle da kwaɗonsu, shi ma ya sa nashi. Ba za a buɗe ba sai gero ya fitar da kai. A ɗebo daga buhunan ƙasa, a zuba a faifai gaban jama'a. In ba gara, ba warin danshi, mata su sa yatsa. In akwai, ba a karɓi aiki ba.

Marwan ya gyara hula. "Wanga wane irin sharaɗi ne? Ban taɓa ganin shi a kwangila ba."

Na ce, "Ba sabo ba ne, Alhaji. Maginin Gara ma haka yake yi, shi da bai iya komai ba. Kai da ka iya, me za ka ji tsoro? Ko kuwa ginin naka hatsin zawarawa kaɗai yake iya riƙewa?"

Mutane sunka yi dariya, har mai gari ya rufe baki da hannun riga. Marwan ya ce a kawo biro. Ya ce buhu ashirin ma kaɗan ne, a mai da shi talatin. Na ce Allah ya ƙara arziki, a rubuta talatin.

Filin da anka ba shi yana jikin tsohon ɗakin. Ya kawo magina daga Isa, ya ninka siminti, ya fesa magani har tsuntsaye sunka ƙaurace wa unguwar. Ni ina wucewa da tulu ina kallo. Na zauna gidan magini tun haihuwata, na san siminti ba ya hana ƙasa numfashi, kuma magani ruwan farko ke wanke shi.

Wanda ya so ya ɓata mini shiri Jibrilla ne. Wata safiya na same shi yana neman takalmi.

"Ina za ka?"

"Za ni gargaɗi Marwan, Yaya. Hatsi ne, abincin bayin Allah. Buhu talatin."

"Sittin namu abincin jakai ne? Zauna."

Na ɗauke takalman na zauna a kansu. Ya dube ni, ya fita ba takalmi. Shekarunshi sittin da biyu, ranar ce ya fara ƙin jin maganata, kuma don amfanin maƙiyinshi. Na bi shi ina zagi. Ya tarar da Marwan cikin leburori da 'yan kallo, ya gaishe shi, ya sake faɗa mishi abin da ya faɗa wancan karon, a ɗaga ƙasa, a bar iska.

Marwan ya ce, "Baba, gara ce ta aiko ka? Ka gaida ta, ka ce bana ba ta da rabo."

Jibrilla ya juyo. Ni kuwa na tsaya na ƙirga fuskokin da sunka ji, na kira kowa da sunanshi, na ce ku riƙe mini wagga magana, za ni biɗe ta. Ashe wautar ƙanena ta fi dabarata kaifi.

Anka kulle. Ruwa ya sauka bana kamar da gayya. Duk sanda hadari ya haɗo mata na addu'ar gona, ni ina yi tare da su, amma ina ƙarawa da tawa a ciki.

Ran buɗewa da hantsi gari ya taru. Marwan ya shiga da kanshi, ya jawo buhun sama, ya yanka, ya watsa hatsi a faifai. Tsaf yake. Ya ɗaga yana nuna wa jama'a.

Na ce, "Malama, karanta mishi. Na sama anka ce?"

Zulaiha ta ce, "Na ƙasa anka ce, Alhaji."

Leburori sunka kwashe na sama. Da sunka ɗaga na ƙasa, bakin buhun ne kaɗai ya taso a hannunsu, gindin ya zauna. Gara ta watsu a daɓen, fara ƙal, ta yi hanyoyinta ta tsagar siminti. Ba wanda ya yi dariya. Mai tawada ya matso kusa da ni bisa sabo, na naɗe hannuna cikin mayafi.

Kwana uku Marwan ya yi kafin ya yi sallama ƙofata. Ƙungiya ta ce ba yatsan mata, ba karɓar aiki, kuma sunanshi zai fita daga masu samun kwangila. Ya zo da goro da turmin atamfa. Na bar shi tsaye har na gama tankaɗe.

"Gwaggo, a yi haƙuri. Ɗan Adam ajizi ne."

"Ɗauke tsummanka. Inda ka zubar da sunan ƙanena, can za ka je ka tsince shi. Ran kasuwa, rumfar masu hatsi. Sa'an nan ka rushe daɓen, ka roƙi Jibrilla ya yi maka yadda ya ce. In ruwan baɗi ya wuce lahiya, ka zo ka ga yatsana."

Ran kasuwar Isa na shiga mota tun da safe, na zauna bisa buhun wani ina jira. Marwan ya zo ya tsaya, ya yi magana cikin gemu. Na ce ni tsohuwa ce, kunnena ya yi nauyi. Ya sake. Na ce masu awo na can ƙarshe ba su ji ba. Karo na uku ya ɗaga murya ya ce Jibrilla magini ya gargaɗe shi har sau biyu, shi ne ya ƙi ji, hatsin matan Tozai a wuyanshi yake. Na sauko na sayi daddawa na koma gida.

Jibrilla ya ɗaga ƙasan ɗakin bisa duwatsu da itace, ya huda tagogin iska ƙarƙashin kwano. Damina ta wuce, hatsi ya fito yana ƙamshi, na sa yatsa. Shi tun ranar da Marwan ya roƙe shi ya yafe, har ruwa ya ba shi a moɗarshi. Ni ban yafe ba, kuma ba gaggawa nake ba.

Yanzu kaka in ta matso, ƙofar gidanmu awa ta mai magani. Gwiwoyinshi sun fara ciwo, rihewa shida ko bakwai yake iyawa a shekara, don haka ni ke zama zaure ina tsara wanda za a fara yi wa. Ina da ƙwaƙwalwa, ban manta bakin kowa ba. Jiya Is'haƙa mai nama ya zo, rumbunshi ya faɗi, hatsinshi na tsakar gida ƙarƙashin leda. Ya durƙusa har ƙasa.

Na ce, "Bana ya cika. Ka dawo baɗi, in muna da rai."

Ya tahi yana sharar zufa. Yau da sassafe ina shara na hangi Jibrilla ya fita ta ƙofar baya, yana ɗingishi, da kayan aiki a kafaɗa, ya nufi unguwar mahauta. Na juya baya na ci gaba da sharata. In ya dawo dai ba zai tarar da miya a tuwonshi ba.