Fuskar Inna

Ƙato da ni na fara koyon zane, ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a Tarauni. Shekarar ce sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, gari ya cika da fuskoki. Duk katangar da ka duba daga Gyaɗi-Gyaɗi har Unguwar Gano, wani mai hula ne yake maka murmushi. Ko bangon da aka rubuta kada a yi fitsari bai tsira ba.

Wanda ya koya mini mai fenti ne, shagonsa na bakin titi kusa da masu faci. Da allunan masu aski da na masu kemis yake ci, sai siyasa ta zo ta buɗe masa kasuwa, ya koma zana 'yan takara a farin yadi. Ya taɓa shiga kwalejin zane bai gama ba, abin da ya fito da shi kawai wani littafi ne marar bango, cike da mutanen da aka feɗe, ga ƙashi ga tsoka ga jijiya. Maigida nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam, cikin wata murya da ban taɓa gane girmamawa ce ko tsiya ba.

Ranar da na fara zuwa ya ɗauka kuɗin siyasa na biyo.

"Ɗan siyasa ba shi da wuyar zane, Malam. Ka yi rumfa, ka ɗora kai a sama, ka kifa hula. Babbar riga ta rufa wa masu zane asiri a ƙasar nan."

Na ce masa ni mutum nake so in iya, mutum sosai, daga kai har ƙafa. Ya tambaye ni wane mutum, na ce kowa ma. Ƙarya na yi masa, mutum ɗaya nake so in zana: Inna, mahaifiyata.

Ni ɗan fari ne, kuma Inna mutuniyar ƙauye ce da ta riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, ban dawo gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ba sai da ta rasu, ina gab da gama firamare. Inna ba ta taɓa kama sunana ba. "Yaron nan" nake, ko "wancan". In na shigo tsakar gida sai ta sami abin yi a madafa. In na durƙusa gaishe ta, ta kau da kai ta amsa wa bango, ni kuma idona na ƙasa, don haka aka koya mini. Ban taɓa shakkar tana so na ba. Naman da ke ƙasan tuwona ya fi na kowa, kowa kuma ya sani. A cikin mata dubu zan gane ta daga tafiyarta. Amma da za a ce in faɗi yadda karan hancinta yake, ko girarta a haɗe take ko a rabe, sai in yi shiru.

Ba ta da hoto ko ɗaya, ba ta taɓa yarda ta tsaya gaban mai hoto ba. A shekarar nan kuma ƙafafunta suka fara kumbura, likita ya ce ƙoda ce, ya faɗa wa Baba abin da ya sa ya dawo gida bai iya cin abinci ba. Daga nan na fara jin tsoro. Na san zan rasa ta, wannan na bar wa Allah. Abin da ya hana ni sukuni shi ne za ta tafi ba ni da fuskarta.

Maigida ya fara ni da ƙwai. Sati guda ina zana ƙwai a takardar buhun siminti da gawayi, wai kan mutum ƙwai ne da aka tsayar a kan tsininsa. Sannan ya nuna mini yadda ake auna mutum da kansa, a jera kawuna bakwai da ɗoriya daga ƙoƙon kai zuwa diddige. Ido a tsakiyar kai yake, ba can sama ba inda kowa ke sa shi. Mutumin farko da na haɗa, hannayensa sun sauko har gwiwa, wuyansa kamar na tulu. Maigida ya ɗaga takardar ya kira masu faci su zo su gani.

"Wannan in ya tsaya takara, ko matarsa ba za ta zaɓe shi ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi, don babu yadda zan yi. Amma abin ya ci ni. Ni da nake tsayawa gaban yara da bulala, ga ni ana wasa da ni a bakin titi.

Duk da haka kullum na tashi daga makaranta sai in zo. Na kwafi littafin nan shafi-shafi, na san haƙarƙari da allon kafaɗa da yadda ƙashin hannu biyu ke harɗewa in mutum ya kifa tafinsa. Da littafin ya ƙare, Maigida ya kore ni waje, ya ce mutanen takarda ba sa numfashi. Na zauna a benci ina zana 'yan acaɓa masu jiran fasinja, da leburorin da ke sauke siminti ba riga, bayansu duk tsoka. Hannu ya ba ni wuya ƙwarai. Wata biyu duk hannun da na zana damin rogo ne, sai a hankali yatsu suka fara rabuwa, suka sami gaɓoɓi.

Wata rana Maigida ya baje takarduna a ƙasa yana bi ɗaya-ɗaya.

"Malam, wa ya koya maka ƙafa?"

Na ce babu.

"To ƙafafunka sun fi nawa. Dubi idon sawun nan, dubi agara, har kaushi ka sa. Amma fuskokin duk ɗaya ne, kamar 'yan gida ɗaya da aka yi wa rasuwa. Kalle ni nan."

Na kalle shi.

"Maɓallin rigata kake kallo. Na ce ka kalle ni."

Na ɗaga ido na kai haɓarsa, na kai hanci, sai idon ya zame da kansa ya koma ƙasa. Maigida ya girme ni da kusan shekara ashirin, ni kuma tun ina yaro ban san yadda ake tsayar da ido a fuskar babba ba. A durƙushe na girma, ƙafafun mutane na sani. Ya yi tsaki ya ce zane kallo ne, hannu ɗan aike ne kawai, wanda ba zai iya rashin kunya da ido ba ya je ya nemi wata sana'a.

Sai na fara koyon rashin kunya. Na fara da 'yan ajina, in ba su aiki in zauna ina ƙare musu kallo. Na koma kan sa'o'ina, sannan masu faci, daga baya har Maigida kansa na iya tsayar wa ido na ɗan lokaci. Fuskokina suka fara bambanta. Ranar da wani ɗan acaɓa ya leƙo ya ce, "Kai, wannan ai mai shayi ne!" na koma gida kamar an yi mini albishir da kujerar Makka.

Amma a gida babu abin da ya canja. Inna ta kwanta sosai. Da safe nakan tsuguna a bakin ƙofarta, labule a tsakaninmu, ɗage kaɗan. Abin da nake gani ƙafafunta ne a kan tabarma, sun yi suntum, fatar tana sheƙi. Autarmu, wadda lokacin ta kai shekara goma sha biyar, ita ce bakinmu.

"Ki ce wa yaron nan ya karya kafin ya fita."

"Yaya, wai ka karya."

Kamar ba a gabana aka faɗa ba. Ita auta kuwa a jikin Inna take kwana, ta yi mata kitso, ta matse mata kumatu tana tsokanarta. Na yi kishin yarinyar nan, kishi mai zafi, har nakan daka mata tsawa ba laifin komai.

Ita ɗin na roƙa daga baya. Na ce ta lallaɓi Inna ta zauna mini ko na ɗan lokaci ne in zana ta. Ina tsakar gida na ji amsar ta fito ta labule, muryar a raunane amma ba wasa a ciki.

"Ashe boko haka yake mayar da mutum? Ya zauna ya zuba mini ido? Ki ce masa ban mutu ba tukuna."

Ban sake tambaya ba. Na ji haushinta, na kuma ji kunya, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Dama ɗaya na samu. Wata Asabar da azahar gidan ya yi tsit, Baba ya tafi masallaci, an aiki auta kemis. An fito da Inna inuwar ɗaki ta sha iska, barci ya ɗauke ta, an lulluɓe mata fuska da mayafi saboda ƙudaje. Fensir na aljihuna. Na matsa har ina jin numfashinta, mayafin yana ɗagawa yana sauka a daidai hanci. Yatsa biyu sun isa su yaye shi. Na tsaya ina tunanin in ta buɗe ido ta gan ni a kanta, da wane ido za ta sake amsa gaisuwata a kwanakin da suka rage mata. Na koma gefe na zauna, na zana abin da ya fito daga ƙarƙashin zaninta: ƙafa biyu da hannu ɗaya a kan ciki. Zanen ya yi kyau, Maigida ma ya yaba, bai san na wace ce ba.

An rantsar da farar hula, aka yi ta harba bindigar wasa a unguwa, yaduddukan Maigida suka koɗe a rana, wasu aka yi rumfar mai tsire da su. Da damina ta kankama Inna ta rasu.

Bayan mata sun gama wanka, kawuna, ƙanenta, ya kama hannuna ya ce in shiga in yi mata addu'a kafin a rufe. Ya buɗe likkafanin daga sama. A karo na farko babu wanda zai kau da kai, kuma na riga na koyi kallo. Na kalla, na kalla sosai, yadda Maigida ya koya mini, daga goshi zuwa haɓa. Amma ciwon ya riga ni. Fuskar ta kumbura har idanun sun nutse, an ɗaure haɓa da ƙyalle, an sa auduga a hanci. Da na sani da ban kalla ba. 'Yan gilmawar da nake da su a raina, gefen kunci a bakin murhu, goshi a ƙarƙashin tulu, duk wannan fuskar ta zo ta zauna a kansu. Tun daga ranar, in na rufe ido ita ke zuwa.

Bayan sadakar arba'in na zaunar da auta, na ce ta faɗa mini kamannin Inna, ni zan zana. Ta ce Inna kyakkyawa ce. Na ce ba wannan nake tambaya ba, hancinta fa? Ta ce hanci dai, irin na mutane. Leɓenta? Ta yi tunani, ta fashe da kuka. Na yi ta yi ina gogewa, kowanne na nuna mata sai ta girgiza kai. Wani ta ce ya yi kama da matar maƙwabcinmu, wani ta ce bai yi kama da kowa ba.

Gwaggo ce, yayar Baba, ta ga wahalar da nake sha ta ce, "Kai ma da neman aiki. Duk 'ya'yanta wa ya ɗauko ta kamarka? Ai kamar ta yi kaki ta tofar."

Ban taɓa sani ba. Babu wanda ya taɓa faɗa mini, don ba a haɗa ɗan fari da uwarsa a magana ɗaya a gidanmu. Na ari madubin auta na jingina shi a taga, na yi kwanaki ina kallon kaina. Na rage faɗin muƙamuƙi, na sirance wuya, na cire gashin baki, na ɗaura kallabi yadda nake ganin ƙullinsa ta baya. Ban taɓa yin aikin da na zuba wa rai irin wannan ba. Da na gama sai na ga mace tana kallona ido cikin ido, na ce a raina ko ita ce.

Na kai tsakar gida, Gwaggo da auta suna tsince shinkafa. Auta ta goge hannu a zaninta ta karɓa. Ta daɗe tana dubawa, ina tsaye ina jira. Sai bakinta ya fara rawa, ta yi ƙoƙarin dannewa ta kasa, dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba.

"Yaya, wannan ai kai ne da kallabi."

Gwaggo ta leƙa, ita ma ta toshe baki da gefen mayafi. Na ce ko kaɗan babu Inna a ciki? Ko ido? Auta ta sake dubawa, wannan karon ba dariya, na ga tana nema da gaske don ta samo mini wani abu.

"Ita ba haka take kallon mutum ba," in ji ta.

Na ce to yaya take kallo?

Ta ɗago ta dube ni, ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta tuna da ɗan fari take magana. Ta miƙo mini takardar, ta ja farantin shinkafa gabanta.