Miliyan Ɗaya da Ɗaya

Muna aji biyar a sakandaren 'yan mata ta Potiskum, malamin lissafinmu ya rubuta 1,000,001 a allo wata ranar Alhamis. Ya ce mara ce ba cika ba, wannan kowa ya gani. Abin da yake so mu gano kafin Litinin shi ne, tana rabuwa daidai da wata lamba, ko kuwa tana cikin masu taurin kai, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu?

Lokacin ni ce gwanar lissafi a ajin, kuma na san haka. Na koma gidanmu a Bolewa na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Na gwada uku, na gwada bakwai, sha ɗaya, sha uku, kowacce sai ta bar saura. Ranar Asabar Inna ta aike ni kai niƙa, na tafi da littafina. Kafin la'asar ɗin Lahadi na kai casa'in da bakwai, na cika shafi tara. Na ce ai ya isa.

Ranar Litinin na miƙe na ce, "Malam, ba ta rabuwa."

Sai wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu. 'Yar wani dillalin shanu ce, ba su daɗe da tarewa a Ngojin ba. Hausarta da karin Fulatanci, takan ce wa mace "kai", mu yi ta dariya.

Ta ce, "Malam, yana rabuwa da ɗari da ɗaya."

Ta fita ta yi a allo, amsa ta fito dubu tara da ɗari tara da ɗaya, babu saura. Ni kuwa bayan casa'in da bakwai, ɗari da ɗaya ce ta gaba cikin masu taurin kai da ya kamata in gwada.

Malam ya ce, "Yaya aka yi kika gano?"

Ta ce, "Na ga sun yi kama ne, ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe, sifili a tsakiya. Shi na fara gwadawa."

Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Layi huɗu kawai ta rubuta. Da aka fita tara na zauna na sake ninka lambobinta har sau uku, ina fatan in kama kuskure. Babu.

Ita aka tura gasar lissafi a Damaturu a shekarar. Ranar da za su tafi ta zo ta ce in ara mata littafina, wai ba ta iya doguwar rabawa da sauri kamar ni ba. Na ce na manta shi a gida, alhali yana cikin jakata. Ta ce ba komai, ta hau mota. Ta dawo da kyautar ta biyu, ajin ya yi ta tafi. Ni ma na tafa, amma har muka gama makarantar ban taɓa ce mata barka ba.