Taurarin da Na Sato wa Ɗana

A lokacin ni mace ce mai ji da kai, muna zaune a Kwaciri, ina da ɗan shago a Kasuwar Singa, kuma ban yarda wata ta fi ni ba ko a ɗaurin ɗankwali. Ɗana guda ne, yana aji uku a wata makarantar kuɗi a Sabon Gari. Makarantar ta kawo manhajar karatu a waya, aka ce tana gane kowane yaro: in ya ci tambaya ta ƙaro masa mai wuya, in ya faɗi ta sauko ta bi shi a hankali. Duk Juma'a kuma sai a tura taurarin da yara suka samu a gurup ɗin iyaye. Yarona ba shi da sauri a lissafi, kullum yana can ƙasa. 'Yar maƙwabciyar shagona kuwa tana sama, uwar tana yi mini jaje tana murmushi.

Sai na fara karɓe wayar ina amsa tambayoyin da kaina in ciniki ya lafa. Taurari suka zubo, na sha barka. Ashe manhajar ta ɗauka shi ne gwanin, ta cilla shi darasin 'yan aji shida. Aka ba shi irinsa a aji, ya kasa ko ɗaya. Malaminsa ya ce na'ura ba ta ƙarya, yaron ya iya, taurin kai ne kawai, ya dinga zane shi a gaban yara. Ranar da aka kira ni makarantar, yaron ya ce cikin kuka ba shi yake amsawa a wayar ba, ya ɗago ya dube ni. Wallahi na san abin da idon nan yake roƙo. Amma maƙwabciyata ta zo ɗaukar 'yarta, tana tsaye a bakin ƙofa. Sai na kwaɗa masa mari, na ce kada ya ƙara yi wa malami ƙarya.

Sai da ya fara fitsarin kwance, yana laɓewa bayan motoci a shataletalen Bata maimakon shiga aji, sannan na je na faɗi gaskiya. Aka mayar da shi inda ya tsaya, yanzu yana gane karatu da kaɗan-kaɗan.

Iyaye, don Allah ku bar yaro ya yi kuskurensa, ta nan ake sanin inda yake neman taimako. Ni na ɓoye raunin ɗana don kada a yi mini dariya, na kuma dake shi da ya faɗi gaskiya. Har yau in na shigo ɗaki yana karatu, rufe littafin yake yi ya kare kuncinsa da hannu.