Inda Na Ɓoye Addu'ar Yaya

Shekarun da kuɗin man fetur ya shigo, ina ƙaramin akawu a wata ma'aikata, aikina buga tafireta. Kowa a Sakkwato ya zama ɗan kwangila a lokacin. Wanda jiya yake kasa goro a bakin kasuwa sai ka gan shi da jakar hannu yana neman aikin gina kwalbati. Soja ke mulki, rediyo ba ya gajiya da kiɗan badujala, kantuna cike da madarar gwangwani. Yayata, wadda ta rene ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ba ta nemi kwangilar kowa ba. Share rumfar tsakar gidanmu na Ƙofar Kware ta yi, ta shimfiɗa tabarmi, ta aika wa matan unguwa cewa duk mai son iya karatu ta zo bayan azahar. Ita ke koyar da ajami. Maƙwabciyarmu, wata Kirista 'yar Filato da ke koyarwa a firamare, wadda kowa ke kira Malama, ita ke koyar da boko. Nawa aikin ɗauko allo da mayar da shi.

Yaya ta daɗe da rasuwa. Ni na yi ritaya, Malama ma haka, sai dai ita tsufa bai koya mata zama wuri ɗaya ba. Wata rana cikin bazara ta same ni a ƙofar gida ina fifita.

"Mi kaka yi nan in ba gyangyaɗi ba? Tashi mu tahi, ana koya ma mutane rubutu cikin kundin ilimi na intanet. Akwai sanyin na'ura, kuma an ce akwai abinci."

Sanyin na bi, ba zan ɓoye ba. Amma da matasan da ke koyarwa suka ce kundin nan kowa na iya ƙara abin da ya sani, kuma za a karanta shi ko'ina a duniya, sai na gyara zama. Sun yi ta bayanin dokoki, ni kuwa hankalina ya riga ya tafi wurin Yaya. Na nemo shafin Ƙofar Kware, na tarar da layuka kaɗan, babu sunan mace ko ɗaya. A raina na ce sai sunanta ya shiga nan kafin in bi ta.

Da na koma gida na zauna da waya na zuba rubutu. Na kira ta fitilar unguwa, na kira ta uwar marasa uwa. Inda aka ce a sa madogara kuwa ban ko yi jinkiri ba, don ni ɗan gidan malamai ne, na san yadda ake kafa hujja. Na rubuta cewa na gani da idona, na kuma ji daga kawuna, shi kuwa ya ji daga limamin unguwa, dukkansu amintattu ne. Na rufe da wallahu a'alamu.

Washegari babu ko harafi ɗaya na rubutuna a shafin. Sai saƙo daga wata mai kula da kundin. Ban san ta ba, amma daga Hausarta na gane Bakanuwa ce.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Ni ce na cire rubutunka saboda babu madogara. Abin da mutum ya ji ko ya gani ba ya zama hujja a nan, sai abin da aka buga a littafi ko jarida. Kuma ba a yabo."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na mayar mata: "Ɗiyata, ni ka ɗauko allon da kaina. In ido bai zama shaida ba, to mi ka zama shaida?"

Ta amsa cikin ladabi, irin ladabin da ke ƙara wa mutum haushi, ta ce ba ƙaryata ni ta yi ba, amma mai karatu a wata ƙasa ba shi da hanyar zuwa ya tambayi kawuna. Kawun da ko ni ba ni da hanyar tambayarsa yanzu.

Malama ce ta fitar da ni. Ta tuna akwai ranar da wani hafsan soja ya kawo wa ajin ziyara da katan ɗin alli da mai ɗaukar hoto, har abin ya fito a jarida. Ta tono jaridar daga ƙasan akwati, ƙarƙashin zannuwan zuwa coci. Hafsan da tumbinsa sun cinye hoton, abin da ya rage wa Yaya gwiwar hannu ce da gefen mayafi. Labarin kuma ya nuna kamar gwamnati ce ta buɗe ajin. Amma sunanta na nan a ƙasan hoton, an ce ita ce mai koyarwa. Ashe gwiwar hannun Yaya a jarida ta fi idanuna biyu daraja.

Wannan karon na bi doka sau da ƙafa. Layi ɗaya tak na rubuta: sunanta, da aikin da ta yi, da sunan jaridar. Bayan sunan na sa "Allah ya jiƙanta," kamar yadda kowane mai hankali zai yi.

Bakanuwar ta bar layin, har ta yaba mini. Amma ta cire addu'ar.

Na mayar. Ta cire. Na sake mayarwa, har da ƙarin "da rahama". Sai ta rubuto cewa kundin na kowa ne, ba a sa addu'a ko kirari bayan sunan kowa, ko sarki ne ko malami. Ta ce idan na sake, dole ta toshe ni daga yin rubutu a kundin, kuma tunda an gane 'yar'uwata ce, wasu na iya cewa a cire layin gaba ɗaya.

Nan na ji tsoro. Na kai ƙara wurin Malama, ina zaton za ta goya mini baya.

"Mu ma muna roƙa ma matattunmu jinƙai, ban ga wanda addu'a za ta ji ma ciwo ba," in ji ta. "Amma doka doka ta. Kak ka ja a hidda sunan baiwar Allah sabili da taurin kanka."

Na haƙura, amma abin ya tsaya mini a rai. A gidanmu ba a ambaton mamaci a rufe baki. Duk lokacin da na buɗe shafin na ga sunanta tsirara, sai in ji kamar ta zo gidana na bar ta tsaye ban ba ta ko ruwa ba.

Ina cikin wannan hali na lura da wani ɗan akwati da ke fitowa duk lokacin da mutum zai adana gyara, inda ake taƙaita abin da aka gyara. Na tambayi ɗaya daga cikin masu koyarwar, ya ce abin da aka rubuta a nan ba ya fitowa a shafin, tarihin shafin yake tafiya ya zauna, kuma ba a goge shi haka kawai. Na yi masa godiya fiye da yadda tambayar ta cancanta.

Na koma shafin Ƙofar Kware ina farautar kurakurai. Na sami wata "k" da ba a sa mata lanƙwasa ba, na gyara, a akwatin na rubuta: "Gyaran harafi. Allah shi jiƙan Yaya." Na sami waƙafin da ya ɓace: "Gyaran waƙafi. Allah shi jiƙan Yaya." Shafin kansa tsaf yake bisa doka, ko alƙali ba zai kama ni ba. Da kurakuran suka ƙare na fara tunanin dasa nawa in dawo in gyara, Malama ta ce in na yi haka ita da kanta za ta kai ƙarata. Dole na shiga ɗakin karatu ina nemo bayanai masu madogara kan rijiyoyin unguwar da sana'o'inta, don dai in sami dalilin buɗe akwatin. Shafin ya yi ta girma, har wasu suka fara ɗaukata mutumin kirki.

Wata safiya waya ta nuna mini cewa Bakanuwar ta taɓa shafin. Na tabbata ta gano ni, kuma ta riga ta gargaɗe ni. Ban iya buɗewa ni kaɗai ba, sai na tafi gidan Malama na miƙa mata wayar. Ta sa tabarau, ta duba shafin, ta ce sunan Yaya na nan. Ta buɗe tarihin, sannan ta juyo mini da wayar.

Jerin addu'o'ina na nan reras. A samansu ga gyaran Bakanuwar, aya ɗaya ta ƙara a ƙarshen wani layi. A akwatinta ta rubuta: "Gyaran aya. Amin, Baba."

Malama ta cire tabarau tana goge shi da bakin zane, ta daɗe tana gogewa. Ni kuwa na ce mata hayaƙin murhunta ya yi yawa, alhali ba ta ko hura wuta ba.