Yadda Kunnen Buhu Ya Karkatar da Ni

Kaka biyu ban taka kasuwar ƙauye ba. Wata goma sha huɗu ina kwana a ƙasa da matashi tsakanin gwiwoyina. Masu ɗori uku, gidan addu'a biyu, allurar kyamis kuwa ban san iyakarta ba. Abin da nake tsoron rasawa ɗaya ne: ƙafar da zan je in sayi citta da kaina. Dillaliyar da ba ta zuwa da kanta, sai aike, ta zama mai gadin sito kawai.

Shekara ashirin da biyu ina saro citta daga ƙauyukanmu na kudu ina kawowa Kakuri. Da buhu biyu na fara, ban gaji kowa ba. Mu 'yan citta ba ma yarda da sikeli shi kaɗai, domin zai faɗa miki nauyi amma ba zai ce na citta ne ko na ruwa da ƙasa ba. Sai ki kama kunnen buhu da hannu ɗaya, ki fizgo shi sama ki saki. Busasshiya tana amsawa ƙaras, mai lema tana faɗuwa tim. Na yi suna a wannan. Ranar kasuwa nakan fizgi buhu ɗari, duka da hannun dama.

Da ciwo ya kama ni daga ƙugu ya gangara ƙafa, babu wanda ya tambaye ni wane aiki nake yi. Ko mutum ɗaya. Mai ɗorin Unguwar Mu'azu ya ce, “Madam, ƙashi ne ya goce,” ya hau bayana da diddige. Na kwana uku ban iya juyi ba. A gidan addu'a aka ce jifa ne, aka siffanta mini mai siton da ke kusa da nawa, matar da muka shekara goma muna cin tuwo a kwano ɗaya. Na daina gaishe ta. Ni da ake cewa ba a cutata a ciniki, na sayi wannan magana ban taya ba.

Matar ƙanena, wadda nas ce, ita ta ja ni zuwa wani ajin makaranta a Mahuta, inda wata malama da ta karanci gyaran gaɓoɓi ke koya wa mata motsa jiki da yoga, salon miƙe gaɓoɓi na Indiya, duk Asabar da safe. Matan zumuntarmu na coci suka ce bautar gumaka ce. Na ce musu, “Da aka taka mini baya kamar ana kwaɓa ƙasar gini, wace ce a cikinku ta ce haram?”

Malamar ba ta kai 'yata ta fari ba. Ta ajiye sikeli biyu na awon mutum, ta ce, “Mama, cire takalmi. Ƙafa ɗaya a kan kowanne. Tsaya yadda kika saba.”

Na hagu ya nuna hamsin da ɗaya, na dama talatin.

“Sikelinki maƙaryaci ne,” na ce.

Ta sauya musu wuri. Haka dai suka nuna. Sai ta jawo jarkar ruwa ta ce in gwada mata yadda nake yi da buhu. Na fizga, na saki.

“Sau nawa a rana?”

Na faɗa mata.

“To, Mama, ga wanda ya jefe ki nan, hannunki na dama. Ki kai shi gidan addu'a.”

Matan ajin suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Raina ya ɓaci. Tambaya ɗaya da jarka ɗaya! Wata goma sha huɗu na wahala, ashe amsar tana maƙale a kafaɗata.

Wata biyar na yi a hannunta. Ni da direbobin tirela ke rusuna mini, ga ni da rarrafe a kan tabarma, ina lanƙwasa baya sama ina saukewa kamar kyanwa. In kwanta rigingine, in ja numfashi har ciki ya tashi, in ɗaga ƙugu a hankali. In jingina da bango in nemi diddigena na dama, wanda ashe ya manta yadda ake taka ƙasa. “Ji inda nauyinki yake,” take ta faɗi. Nakan zage ta a zuci duk Asabar, in kuma dawo.

Ta sallame ni da sharaɗi: ba fizga da hannu ɗaya har abada. In tsuguna, ƙafafu a daidai, in ɗaga da hannu biyu.

Ranar da na koma kasuwa na tsuguna gaban buhun farko. Wani tsohon dillali ya ɗaga murya, “Jama'a, Madam ta dawo da ladabi, har buhu take gaisarwa!” Na ce, “Baba, kai ma taka ranar na zuwa, dubi yadda kake tafiya kamar ƙofa mai hinji ɗaya.” Amma da na ɗaga, hannu biyu ba su faɗa mini komai ba. Duk buhunan ɗaya na ji su. Girman kai ya hana ni kwance bakin buhu in duba. A cikin lodin ranar, buhu goma sha biyu suka yi funfuna.

Yanzu kowane buhu sai na kwance, na zura hannu har tsakiya, na karya citta na duba. Aikin da nake gamawa kafin azahar yana kai ni la'asar, masu fizga sun riga ni kwashe mai kyau.

Ga lissafin, ba ragi ba ƙari. Ƙafa ta dawo, ina hawa mota da kaina, ina zuwa duk kasuwar da na ga dama. Gwanintar hannu ta shekara ashirin da biyu ta tafi. Maƙwabciyar sitona kuwa na je na ba ta haƙuri. Ta saurare ni har na gama, ta ce, “Allah ya ƙara sauƙi,” ta ci gaba da cin tuwonta ita kaɗai.